Gado Mai Miƙe Gini

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan ƙanena Sani, da abin da ake faɗa muku a wurin suna da zaman makoki: wai ubanku ne ya sa aka rushe soron kakanmu, wai da na buɗe baki na faɗi kalma ɗaya da har yau yana tsaye. Halima, ke kin taɓa tambayata ido da ido, na ce ki bari sai wani lokaci. To ga lokacin. Wannan babi ya fi sauran ba ni wahala, domin akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinsa, kuma ina tsoron in ɗora wa mamaci maganar da bai faɗa ba. Inda ban tabbata da kalmar mutum ba zan gaya muku. Inda na tabbata kuwa ba zan sassauta ba, ko da wa ta shafa.

Sai na fara da idon, don ba za ku gane sauran ba sai da shi. Maigidana na Yamai, wanda na koyi aikin hoto a hannunsa, ba fuskokin mutane yake ɗauka ba, manyan gine-gine yake ɗauka. Da ƙarfinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya bar mini apare guda, wato akwatin ɗaukar hoton, da ƙafafunta uku, da wani ido na gilashi mai nauyi da ake ɗaura mata a gaba. Ga amfaninsa. In ka tsaya gaban dogon gini kana son kansa ya shiga hoto, dole ka ɗaga bakin apare sama. Da ka ɗaga, sai bangayen su fito a hoton suna matsowa juna ta sama, kamar ginin zai kwanta da baya, alhali yana tsaye lafiya lau. Apare ce ta yi ƙarya. Shi wannan ido yana da wani ɗan ƙarfe a gefe da ake murzawa. Kana ajiye apare daidai, ba ta kallon sama ba ta kallon ƙasa, sai ka murza, idon ya zame sama shi kaɗai, kan ginin ya shigo, bangaye su tsaya yadda suke tsaye a fili. Ku riƙe wannan da kyau: ba ya gyara gini. Bangon da ya karkace, karkatacce zai fito. Apare kawai yake hana ƙara nata karkacewar.

Na dawo Dogon Dutsi na yi shekaru ina ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, idon yana naɗe cikin tsumma a ƙasan akwati. Sai waya ta zo ta shiga aljihun kowa, aikin ya mutu a hannuna ina kallo. A lokacin ne kuma aka shiga rushe tsofaffin soraye na garin ana zuba siminti. Yau ka wuce zaure mai zanko da zane a goshinsa, gobe ka tarar da tarin ƙasa da jakai suna kwasa. Abin ya hana ni sukuni. Na riƙa tunanin wata rana yaro zai tambayi yadda garin nan yake da, babu mai iya nuna masa. Sai na ciro idon. Wani direba yana kawo mini filim baƙi da fari daga Yamai, ina ajiye shi cikin tulu a kan jiƙaƙƙen yashi don zafi, ina wanke shi da hannuna a ɗan ɗakin duhun nan da kuka sani, wanda uwarku take cewa yana warin ruɓaɓɓen tsamiya. Mai launi sai an kai wa inji, ni kuwa ban yarda da aikin da ban gani ba. Ban da haka, ƙasar gini a baƙi da fari ta fi faɗin gaskiya: kana ganin sawun yatsun wanda ya yi yaɓe, kana ganin inda ruwan damina ya bi. Na bi unguwannin garin nan da sassafe, ƙafafun apare a kafaɗa, har Matankari na je. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya gode mini.

Wata safiya ina tsaye gaban wani soro kusa da teburin mai shayi, ina murza ƙarfen a hankali, ƴan zaman wurin suna kallona. Wani ya tambaye ni abin da nake murzawa. Na fara yi musu bayani kamar yadda na yi muku yanzu. Ban kai rabi ba na ga wannan yana hamma, wancan ya juya ga burodinsa. Kunya ta kama ni, na ga na cika su da surutu, sai na gajarta.

"Yana miƙe gini," na ce.

Aka yi dariya. Mai shayin ya ce, "To Gado, in yana miƙe gini, ɗauki tsohona mana, bayanshi ya tanƙware tun bara."

Wata mai tuwo daga gefe ta ce, "Ni mijina za ka miƙe mini, halinai ya karkace."

Daga ranar na zama Gado mai miƙe gini. Yara suna kirana da shi, manya suna kirana da shi. Ban ji daɗi ba, don na san kalmar ba daidai take ba, har na koma wurin mai shayin don in gyara. Ya ce in sha shayi in bar wahalar da kaina, wasa ne. Na bar shi a wasa.

Soron kakanmu kuwa, ku ƙananan ba ku gan shi ba. Shi ne mashigar babban gidanmu, yana fuskantar hanya, dogo, da zanko a kusurwoyinsa da azara ta giginya a rufinsa. Kakanmu ya gina shi da hannunsa. Daga ciki akwai ɗaki jingine da bangonsa, nan Gwaggo Kulu take, ƙanwar ubanmu. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta ba su rayu ba, ta dawo gidan ubanta tun muna samari. Ita ta yi jinyar uwarmu, ita ta wanke Sani ranar da aka haife shi. Mutane suna cewa akwai doguwa a soron, wai Gwaggo tana ajiye mata nono a kusurwa. Ni ban taɓa ganin iska ba. Ƙwarya dai na taɓa gani a kusurwar, ban tambayi ta mece ce ba, kuma ba zan ce abin da ban sani ba.

A shekarar da meri, wato hukumar gari, ta faɗaɗa hanyar da ta bi ta ƙofarmu, bakin titi ya yi daraja. Sani ya riga ya zama babban ɗan kasuwa, yana kai da kawowa tsakanin nan da Kamba, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, yana cikin matasan da ke wa'azin a bar al'adun da. Ban taɓa ƙin addininsa ba, ni ma ina zama wurin wa'azinsu. Yana son a rushe soron a jera butik, wato shaguna, na siminti. Da farko ta hanyar doguwa ya biyo, ya ce gidan Musulmi bai kamata a riƙa nuna shi da yatsa ana cewa gidan iskoki ba. Baba Arzika, ƙanen ubanmu, shi ne babba a gidan a lokacin, maganarsa ce ta ƙarshe. Ya ce ubansa da alwala ya gina soron, a bar masa wannan zance. Sani ya ajiye maganar har damina ta yi nisa. Da wani bango ya faɗi a wata unguwa bayan ruwa mai ƙarfi, sai ya dawo da sabuwar magana: soron ya karkace, zai faɗa kan masu wucewa. Ya kawo wani magini na siminti, maginin ya hau ya sako igiya da ƙarfe a bakinta daga saman bangon. Igiyar ba ta kai ƙasa ba ta kwanta a jikin bangon. Maginin ya ce cikin ginin ya fito. Ginin ƙasa kuwa haka ake yin sa, gindi da kauri, sama da sirantaka, kamar mutum ya tsaya ya buɗe ƙafa. Amma maginan ƙasa na garin kusan duk sun mutu, wanda ya rage ya makance, shi kuma wannan bulo kawai ya sani.

Baba Arzika ya tara mu bayan la'asar a cikin soron. Shi a kan buzunsa, Sani da mutanensa a gefe, Gwaggo Kulu a bakin ƙofar ɗakinta tana jin komai. Ni na zo da hoton soron babba, wanda na ɗauka kafin damina, da wani da na ɗauka a makon taron daga wuri ɗaya. Na auna su a gida har idona ya yi ja, babu bambanci ko na gashi. Na shimfiɗa su gaban Baba, na nuna masa kusurwar soron da sandar lantarkin da ke kusa da ita, na ce ya duba yadda suke tafiya tare har sama. Baba ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Na ga kansa ya fara gyaɗawa.

Sani ya ce, "Yaya Gado, da wane ido kaɗ ɗauki wanga hoto?"

Na ce da wanda nake ɗaukar gini.

"Mai miƙe gini ke nan."

Mutanensa suka yi murmushi. Ya juya ga Baba ya ce, "Baba, garin ga duk an sani. Shi da bakinai yac ce idon ga shina miƙe gini. To mi za mu gani ga hoto in ba miƙaƙƙen gini ba? Ko rumbun da ya kwanta aka kai mishi, tsaye za shi hito."

Baba ya ɗago ya dube ni. "Kai kac ce haka?"

"Na faɗa, Baba, amma ba haka nike nufi ba."

"Shina miƙewa ko ba shi miƙewa?"

Ku da kanku ku auna wannan tambaya. In na ce ba ya miƙewa, na yi ƙarya, don yana miƙe abin da apare ta karkatar, aikinsa ke nan. In na ce yana miƙewa, na ba Sani wuƙa. Sai na shiga bayani tun daga farko: yadda ake ɗaga bakin apare, yadda bangaye ke matsowa, yadda ake murza ƙarfen. Ina magana ina ganin fuskar Baba tana yin irin ta ƴan teburin shayi. Tsoho ne da bai taɓa leƙa cikin apare ba. Abin da ya shiga kunnensa daga dukan maganata shi ne akwai karkacewa, akwai kuma abin da ake murzawa ta tafi.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Bar hoton. Kai ɗan gidan ga ne, kuma duk gari an san ba ka ƙarya. Ga Alƙur'ani can bisa taga. Za ka dafa ka ce bangon ga ba ya hwaɗuwa?"

Kafin in numfasa Sani ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Ka tuna dai ɗiyan lakwal nan suka bi safe da rana. In ya hwaɗa kan ɗan wani, jinin ga wuyanka shike."

Wannan kalma na tabbata da ita, haka ya faɗe ta. Sani ya san ni. Ya san ni ne mutumin da ke komowa daga rabin hanya don ya sake taɓa kwaɗon ƙofa, mai sake alwala don shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Ɗaki ɗaya muka kwana muna yara. Yana faɗa, a raina na ga yaro kwance ƙarƙashin ƙasa da jakar lakwal a gefensa, na ga uwarsa tana zuwa ƙofata. Da Baba ya ce in rantse bangon bai karkace ba, wallahi da na dafa. Amma cewa ya yi in rantse ba ya faɗuwa. Wa ya isa ya rantse a kan gobe? Ginin ƙasa ne, ruwa na Allah ne.

Na ce, "Baba, bangon bai motsa ba tun kafin damina, wannan na sani. Amma faɗuwa, Allah kaɗai ya san gobe."

"Kun ji," in ji Sani.

Baba ya tura hotunan gabana da bayan hannunsa. Ya ce in an gama girbi a rushe. Gwaggo Kulu tana bakin ƙofar ɗakinta, ta ji hukuncin. Ta tashi ta shiga ta saki labule.

Ga abin da ba a gaya muku a gidan Sani. Babu wanda ya ce wa Sani shi ma ya dafa Alƙur'ani ya rantse bangon zai faɗi. Babu wanda ya ce maginin simintin ya rantse. Ni kaɗai aka miƙa wa, don ni ne aka san ba zan iya ba. Kuma Sani ya fahimci idon nan sarai. Tun kafin rigimar ya taɓa shigowa wurina, na ɗora masa apare, ya leƙa, ya murza ƙarfen da yatsunsa, ya ce, "Ashe ba ya taɓa ginin, apare kawai yaka gyara." Ya fi ni saurin ganewa tun muna lakwal. Ya san gaskiya, ya ɗauki wasan mai shayi ya yi makami da shi a gaban tsoho. Yau shi ne Alhaji, a sahun gaba yake salla, ni ne wanda ya kasa buɗe baki. Na gaishe shi a kowace salla tun daga lokacin, don zumunci wajibi ne, amma ban sake cin abinci a gidansa ba, kuma ba na so ku ɗauka mantuwa ce.

Da na koma gida na gaya wa uwarku. Tana tankaɗe, ba ta daina ba.

Ta ce, "Kai da in an tambaye ka ƙarfe nawa sai ka ba da labarin agogo. Rana ɗaya kag gajarta magana a duniya, ga abin da ta jawo."

Na ce, "To da kin so in rantse?"

"Ni ban ce ba. Amma da ka ce shi ma ya dafa."

Wannan bai zo mini ba a cikin soron. Ya zo mini a bakinta, lokacin da ba shi da amfani. Na koma wurin Baba washegari da maganar, ya ce shi ba ya yanke hukunci sau biyu.

Bayan an shigar da gero aka kawo masu diga. Ban je ba, ban kuma ɗauki hoto ba. Sani ya ce ya gina wa Gwaggo ɗakin siminti da rufin kwano a bayan gidansa. Ta aika masa cewa ita ba tukunya ba ce da za a ɗora a wuta. Ta ce za ta koma Matankari wurin wata ƴar ɗan'uwan mijinta, mutanen da ba jininta ba. Ranar da za ta tafi na wanke hoton soron mafi kyau, na sa shi cikin gilashi, na same ta a bakin hanya zaune a kan amalanken jaki, tsakanin tabarmarta da tukwanenta. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata. Na ce ko ba komai ta riƙa ganin gidan ubanta.

Ta karɓa ta riƙe shi nesa da fuskarta. Ta bi zankon da yatsa, ta bi ƙofar. Ta daɗe.

"Ya yi kyau," ta ce. "Babu kowa ciki."

Na ce da sassafe na ɗauka.

"Na sani. Ina zamne nan bakin ƙohwa da daddawata, kaz zo da ƙahwahun ƙarhenka kac ce, Gwaggo, ɗan tashi ki ba ni wuri. Nit tashi." Ta miƙo mini hoton. "Sani bai hidda ni ba, Gado. Kai kaf fara."

Mai amalanke ya bugi jakinsa suka tafi, hoton yana hannuna.

Gaskiya ta faɗa, na tashe ta, kuma zan gaya muku dalili don kada a ba ku wani. A wajen wa'azin su Sani na ji an ce mai yin surar abu mai rai za a ce ya hura masa rai ranar ƙiyama. Wasu malaman sun ce hoton apare ba ya ciki, wasu sun ce yana ciki. Ni da na yi rabin rayuwata ina ɗaukar fuskoki, maganar ta shige ni ta zauna. Na ce wancan na yi shi don abinci da larurar kati, Allah ya yafe, amma wannan na gine-gine babu wanda ya tilasta ni, ba zan sa mai rai a ciki ba. Ko akuya ce sai na jira ta wuce. Wa'azinsu na bi na tashe ta daga ƙofar, su kuma suka rushe ƙofar, kuma har ta mutu ni take ambata.

A Matankari ta rasu, damina ta biyu bayan tafiyarta. Na je jana'iza, matan gidan suka tambaye ni ko ina da hotonta, tunda ni ne mai hoto. Na ɗauki fuskar rabin mutanen garin nan, har da waɗanda ban san sunansu ba, amma ba ni da ta Gwaggo Kulu ko guda. In ƴaƴanku sun tambaye ku ita, ku ɗauko hoton soron, ku duba hagun ƙofa daga ƙasa, inda yaɓen ya yi santsi ya ɗan yi duhu. Bayanta ne ya goge wurin.